Maitakalmi, Uwar Yunfa, da Matan da Suka Ga Faɗuwar Alƙalawa

A farkon watan Oktoba na shekarar 1808 rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ɗansa Muhammadu Bello a gaba, ta fasa birnin Alƙalawa. Sarkin Gobir Yunfa bai bar garinsa ba, a ciki aka kashe shi tare da baraden da suka tsaya masa har ƙarshe. Da ƙura ta lafa aka shiga gidan sarki aka fito da mata, kamar yadda ake yi wa duk birnin da aka ci da yaƙi a wancan zamani. Biyu daga cikinsu tarihi ya riƙe sunayensu: Maitakalmi, mahaifiyar Yunfa, da Katambale, matarsa.

Masu ba da labarin jihadi sukan wuce wannan wuri da sauri, don hankalinsu ya riga ya tafi Sakkwato, wadda Bello zai fara ginawa a shekarar da ta biyo. Ni kuwa ina ganin nan ne ya kamata a ja linzami. A gidan Nafata Maitakalmi ta haifi Yunfa, Nafata kuwa ɗan Ibrahim Babari ne, wanda ya kafa birnin. 'Yan'uwan Nafata, Bawa Jangwarzo da Yakubu, sun riga shi hawa gadon. Sarakuna huɗu ke nan a jere, duk 'yan gida ɗaya, na ƙarshensu ɗan cikinta. Alƙalawa kanta ba ta yi tsawon rai ba, daga kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18 zuwa rushewarta bai fi rayuwar mutum guda ba. Matar da ɗanta ke sarauta a 1808 kusan sa'ar birnin ce, ta ga tasowarsa, ta ga ƙarfinsa, aka kuma fito da ita daga cikinsa ranar da ya mutu.

Filin ma ta hannun mace aka same shi. Gobirawa sun daɗe suna gangarowa kudu, daga Azbin zuwa Birnin Lalle, daga nan zuwa ƙasar Zamfara mai ruwa da dausayi, inda suka fara zama a matsayin baƙi. Ruwayar da aka fi sani ta ce Babari ya aurar da 'yar'uwarsa Fara ga Sarkin Zamfara Maroki, albarkacin wannan surukuta aka ba shi wurin zama a gonakin alƙalin Zamfara, kusa da gulbin Rima. Kafin a ankara baƙo ya fi mai gida ƙarfi. Wajen 1762 Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta gaje shi. A siyasar wancan lokaci da aure sarakuna ke ƙulla amana, kuma macen da aka kai ita ke zaune a gidan da wata rana danginta za su zo su ƙone.

Shaidar da ta fi fitowa fili kan zaman cikin gidan sarki daga bakin abokan gaba ta zo. A Kitabul Farƙi, inda aka jera halayen sarakunan Hausa da jama'ar Shehu ke ƙyama, an ce sarki kan tara mata a gidansa har su kai dubu ko fiye, yana ɗaukar wadda ya ga dama ba tare da ɗaurin aure ba, sannan ya damƙa al'amarinsu a hannun babbarsu, sauran su zama tamkar bayinta. Littafin na mai ƙara ne, ba na alƙali ba, dole a karanta shi da wannan a zuci. Amma ko an rage gishirin, abin da ya saura ya isa ya nuna irin wurin. Gari ne a cikin gari, da shugabarsa, da masu daka, da masu ɗebo ruwa, da jakadu masu kai saƙo tsakanin ɗakuna da turaka. Kishin da ke ciki kuwa na gado ne kafin na miji. Kowace mai ɗa namiji ta san 'ya'yan sarki suna da yawa, karaga ɗaya ce, kuma Taran Gobir, manyan fadan nan tara masu zaɓen sarki, mutum ɗaya za su nuna.

Al'ada kuma ba ta barin uwa ta daɗe da ɗanta. Tun yana jariri wanzami zai zo da askarsa ya yi masa tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, yaro na tsala kuka a hannun tsofaffi, uwa na ɗaka tana wankan jego tana shan kunun kanwa. Bayan goyon shekara biyu sai yaye, sau da yawa a miƙa shi hannun kaka ko gwaggo riƙo. In ɗan fari ne ma uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, kunya ta hana. Da ya tasa sai barga da doki da allo. Saboda haka ikon uwar ɗan sarki ba a fada ake ganinsa ba. Ta bayan gida yake bi, ta bakin jakadiya, ta akushin da aka aika wa wani basarake, ta auren da aka ƙulla wa yaron da 'yar wani mai faɗa a ji.

A Gobir akwai ƙarin wani abu da ya sa matsayin uwar sarki ya bambanta da na wasu ƙasashe. Wadda ta haifi sarki ba ita ce uwar ƙasa ba. Wannan matsayi na Inna ne. Inna 'yar sarauta ce ta jini, galibi 'yar'uwar sarki ko gwaggonsa, kuma naɗa ta ake yi kamar kowane basarake. Tana da gidanta da fadawanta. In za ta fita doki take hawa, da malfa a ka da suturar maza. Ita ce shugabar 'yan bori, ita ke sauraron ƙarar mata, tana da rabonta a kasuwa, in sarki ya fita yaƙi tana cikin waɗanda ake bar wa gari. Har yau sunan Inna 'Yarbukuma bai ɓace a bakin Gobirawa ba. Ke nan macen da ta shigo gidan Babari daga waje, ko da ɗanta ya hau gado, za ta tarar da wata mace a sama da ita, wadda ba a yi wa kishiya, ba a kuma saki. Yunfa uwa biyu gare shi, ta ciki da ta sarauta, kuma ta sarautar ce ke da tambari.

A zamanin Bawa Jangwarzo malamin Degel, wato Shehu, ya fara shiga lissafin fada. Wajen 1788, a Magami, ranar babbar salla, Bawa ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda aka ɗaure, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Abin da ake yawan mantawa shi ne wa'azin nan ya shafi mata tun daga tushe. Suna zuwa majalisin Shehu suna saurare, har wani malami ɗan Barno, Mustafa Gwani, ya soki lamarin, ya ce ana cakuɗa maza da mata. Abdullahi ƙanen Shehu ya mayar masa da amsa a waƙe, ma'anarta ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. A Nurul Albab Shehu da kansa ya caccaki malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko farillan alwala ba.

Bawa ya rasu ba da daɗewa ba bayan karon da Gobir ta sha a hannun Katsinawa a Dankaishi. Yakubu ya faɗi a yaƙin Kiyawa. Da Nafata ya hau, sai ya sa aka yi shela a kasuwa: ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci wurin ubansa ba ya koma abin da ya tarar, kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. Dokar ƙarshen nan ta nuna Nafata ba wawa ba ne. Ya gane cewa jama'ar Degel ta wuce zaure ta shiga cikin gidaje, cewa macen da ta yafa mayafi a kasuwar Alƙalawa ta faɗi ɓangaren da take ba tare da ta buɗe baki ba. Ya ga ciwon daidai, maganin ne ya kuskure, don dokar ba ta yi komai ba sai ƙara wa jama'ar haɗin kai.

Nafata bai daɗe ba. Wajen 1802 Yunfa ya gaje shi, Maitakalmi ta zama uwar sarki. Ruwayoyin Sakkwato sun ce Yunfa ya taɓa karatu a gaban Shehu, Shehu ya goyi bayan hawansa, shi kuma ya je har Degel ya kai gaisuwa. Su ne kuma suka ce daga baya ya kira Shehu fadar Alƙalawa ya ɗana masa bindiga, ta yi baya ta ƙone shi. Ko yaya aka ɗauki waɗannan ruwayoyi, abin da ya biyo baya a bayyane yake. A ƙarshen 1803 dakarun Gobir suka afka wa Gimbana, garin Abdussalami almajirin Shehu, suka kwaso kamammu har da mata da yara, suka bi da su ta kusa da Degel. Jama'a suka tare hanya suka kwance su. Yunfa ya aika wa Shehu ya fita da iyalinsa ya bar sauran, Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni aka haɗu a Tabkin Kwatto, inda 'yan baka da dawaki ƙalilan, Abdullahi na jagora, suka tarwatsa 'yan lifidan Gobir da Azbinawan da suka zo taya su. Yunfa ya tsira da kyar, ya bar kayan yaƙinsa a fili.

A nan ya kamata a yi wa ɗan Maitakalmi adalci. An saba kwatanta shi da sarkin da girman kai ya halaka, amma ba rago ba ne. Ƙasa ya gada wadda yaƙe-yaƙen iyayensa suka gajiyar, Zamfarawa na jiran ranar ramuwa, Katsinawa na gefe, ga kuma wata al'umma a tsakiyar ƙasarsa da ba ta jin umarninsa. Duk da haka wata shida bayan Kwatto, a Disamba na 1804, da jama'a suka zo suka yi wa Alƙalawa zobe, Gobirawa da Azbinawa suka far musu a Tsuntsuwa, dab da birnin. Bello da kansa ya rubuta cewa an kashe musu mutum wajen 2,000, a ciki akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Dole suka janye zuwa Zamfara. A 1805 kuma, a Alwasa, kaɗan ya rage a gama da su. Shekara huɗu Yunfa ya yi yana riƙe da birninsa bayan an ce ya ƙare.

Shekarun nan huɗu a wuyan mata suka fi sauka, a kowane ɓangare. Yaƙin rani ne da kaka, lokacin da amfanin gona ke fili, kuma rundunar da ta zo ba ta zuwa da abincinta, na mutane take ci. Yunwa da ciwo sun yi ɓarna a ƙasar Gobir da Zamfara har marubutan jihadin suka ambata. Mata ke dakan guzurin mayaƙa, su ke jinyar wanda kibiya mai dafi ta sama, su ke shiga takaba wata huɗu da kwana goma, su fito su tarar an sake shelar yaƙi. Uwar sarki ba ta daka, gaskiya ne, amma duk tamburan da aka buga na fita, ɗanta ne a gaba.

A ɗaya ɓangaren ma akwai uwa. Bello, wanda aka haifa a 1781, bai cika shekara talatin ba ranar da ya shiga Alƙalawa. Mahaifiyarsa Hauwa ce, wadda ake kira Inna Garka, ita ce kuma ta haifi Abubakar Atiku, ke nan Sarkin Musulmi biyu daga ɗaki ɗaya. Matan gidan Shehu ba su ji daɗin shekarun nan ba, daga Degel zuwa Gudu, daga nan zuwa Zamfara, sannan Gwandu, da yara da littattafai a kan amale. Nana Asma'u, 'yar Shehu, tana yarinya 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijirar da ita. Da ta girma ta tsara waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta sa sunan Inna Garka a jerin salihan mata, ta yabi tsoron Allahnta da kyautarta. Uwar wanda ya ci birni ta shiga waƙar da mata ke rerawa a makarantu, uwar wanda aka ci ta shiga lissafin kamammu. Haka tarihi ke rabo, mai alƙalami ke yi.

Daga ranar faɗuwar birnin labarin gidan Yunfa ya koma kan surukar Maitakalmi. Katambale ta shiga gidan Bello, mutumin da rundunarsa ta kashe mijinta, ta haifa masa ɗa, Fodiyo. Kada a shafa wa abin zuma, ba wanda ya tambaye ta. Amma a shari'ar da Sakkwato ke bi, ɗan da kamammiya ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke, gadonsa daidai da na ɗan matar aure, ita kuma ba a sayar da ita, ranar da ya rasu ta zama 'ya. Ta wannan ƙofa matan waɗanda aka ci suka zama iyayen masu mulki. Aliyu Babba, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1842 zuwa 1859, ɗan Bello ne da wata baiwa mai suna Ladi. Shi kuwa Fodiyo, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka faɗi, ubansa ya zaunar da shi a ribaɗin Lajinge ya ɗora shi kan Gobirawan da suka miƙa wuya. Bello ya san abin da yake yi. Ɗan matar sarkinsu ya aika musu.

Akwai wata tsohuwa da ta cancanci a tsaya a dube ta, ko da yake wanda ya gan ta bai rubuta sunanta ba. A watan Oktoba na 1826 Baturen nan ɗan yawon bincike, Kilafatin, ya tarar da rundunar Bello ta kewaye Konya, inda Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa sabon zama. Ya kwana a sansanin, ya ga harin da aka kai bai yi nasara ba. A cikin duk taron, wadda ya ce ta fi kowa amfani, kuma ba wanda ya fi ta zuciya, wata baiwar Sarkin Musulmi ce, Bazamfariya, tsohuwa tukuf. Tana bisa wani dogon doki, ta hau irin hawan maza, ta kifa murfin kwano na kaba a ka don rana. A gaban sirdinta gorunan ruwa ne rataye da kwanon tagulla. Tana kutsawa inda kibau ke sauka tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Ta gaya masa sarakunan Zamfara biyar ta yi reno. A lissafa: ta goyi 'ya'yan gidan da Gobir ta rusa, ta ga an rusa Gobir ɗin, ga ta kuma da tsufanta tana ba mayaƙan Sakkwato ruwa a bakin ganuwar Gobirawa. Dauloli uku suka bi ta hannunta.

Matan da aka kwaso daga Alƙalawa, da na garuruwan da aka ci bayanta, ba hannu rabbana suka shiga gidajen Sakkwato da Wurno ba. Sun zo da harshensu, da girkinsu, da borinsu. Wannan ya dami malaman daula, don yaro a ɗakin uwa yake tashi. Nana Asma'u ce ta samo hanyar da ba ta bulala ba. Ta rubuta waƙoƙin karantarwa da Hausa, harshen waɗannan mata, ta kafa 'yan taru, ta zaɓi dattijai mata daga ƙauyuka ta naɗa su jaji, su riƙa kawo mata ɗalibai suna komawa da karatu. Alamar da take ba jaji ita ce malfa da jan rawani. Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru masu yawa a Sakkwato tana bin diddigin rayuwar Asma'u, ta nuna cewa malfar nan ta Innar Gobir ce aka ɗauko aka sauya mata aiki. Macen da ta tashi tana ganin Inna da malfa ta san mai malfa shugaba ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ganuwar Alƙalawa ta faɗi a yini ɗaya, amma malfar gidan sarautarta ta ci gaba da yawo a ƙauyukan daular da ta rusa ta, har bayan rasuwar Asma'u a 1864.

Gobirawa kuwa ba su ƙare ba. Bayan Gawakuke, Mayaƙi ɗan Yakubu ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, ya ci gaba da yaƙar Sakkwato. A rabin ƙarshe na ƙarnin gidan ya rabu, Ɗan Halima ya sasanta da Sarkin Musulmi ya dawo kusa da kufan kakanninsa ya kafa Sabon Birni. A Isa kuma zuriyar Bello ce ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Duk inda 'ya'yan Babari suka kafa fada, da Innarsu suka kafa.

Sai Nasara ya zo. A 1899 ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan ya ratsa arewacin wannan ƙasa, ya ƙone Birnin Ƙonni, yana jan ɗaruruwan mata kamammu ana raba wa soja, har sojojinsu suka kashe Bule da Shanuwan ɗin a watan Yuli a wajejen Maijirgi. Masu cewa sun zo hana bauta, abin da aka yi wa matan Alƙalawa shi suka maimaita. A watan Maris na 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta zana da'irar mil ɗari kewaye da Sakkwato, aka gyara ta a 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da kufan Alƙalawa suka faɗa hannun Ingila. 'Yar Tsibiri da aka aurar Sabon Birni ta wayi gari ganin gida ya zama fita ƙasar waje.

Dokar Ingilishi ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma sha'anin ƙwaraƙwarai Turawa suka kau da kai, suka ce maganar aure ce ta cikin gida. Tsarin En'e na hakimi ne da dagaci da malamin haraji, duk maza. Inna ta rage da girmanta da borinta da shari'ar mata, ikon kasuwa da na gari ya koma ofis. A ganina mulkin mallaka ya rage wa matan sarautar Gobir abin da jihadi bai iya rage musu ba, don shi jihadin ya yi gardama da su, ya aro kayansu, Bature kuwa ko a takardarsa bai sa su ba. Iyayen wannan zamani su ne suka ga an kwashi 'ya'yansu zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu, su ne kuma suka haifi hafsoshin da suka mulki Nijeriya daga baya. Janar Murtala, haifaffen Kano a 1938, ya ɗauki sunan mahaifiyarsa Ramatu ya sa a tsakiyar nasa, shi ya sa har yau ake jin Ramat a sunayen makarantu da filaye.

Wasu ƙasashe sun fi mu kula da irin waɗannan mata. Mahaifiyar Joj Washinton, wadda ta yi rayuwarta a Bajiniya tun tana ƙarƙashin Ingila, ta rasu a 1789, kusan lokacin taron Magami. Gidanta na nan an mai da shi wurin ziyara, an gina mata hasumiya, akwai jami'a da sunanta. Mahaifiyar Nafoliyon ba ta ma halarci naɗin ɗanta ba a Disamba na 1804, watan da aka yi Tsuntsuwa, amma mai zanen fada ya sa ta a hoton, a wuri mai daraja.

Alƙalawa a yau kufai ce a ƙaramar hukumar Sabon Birni, da ragowar ganuwa da kaburburan sarakuna, kuma 'yan bindiga sun sa zuwa can ya zama kasada. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. A cikinsu akwai tsofaffin da suka ji labarin Innoni da na gidan Babari daga bakin kakanninsu mata, irin labarin da ba a faɗa a zaure. An taɓa gwada sauraron irinsu aka ga amfaninsa: a 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, har yau masana na dogara da shi. Abdullahi Rafi Augi ya yi wa tarihin Gobir babban aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, amma ɓangaren cikin gida yana nan yana jira. Kira nake ga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su haɗa hannu su tura ɗalibai mata da na'urar ɗaukar murya zuwa Tsibiri da Gidan Rumji da Sabon Birni da Isa, su shiga ɗakunan tsofaffin nan su zauna, a bana, kada a ce sai hanya ta yi kyau.